Lambar Injin Kawu Mai Tayil

Kawuna, yayan mahaifiyata, bai wuce aji huɗu a firamare ba. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da lissafi a sakandare, da takardar shaidata rataye a bango da komai. Amma in muka zauna hirar lambobi, shi ne mai magana, ni ce mai gyaɗa kai. Wannan bai taɓa ba ni kunya ba. Abin da ya ba ni kunya daban ne, kuma zan zo kansa.

Shimfiɗa tayil ne sana'arsa, shekara talatin da huɗu yana durƙushe a ɗakunan mutane. Kowa a unguwa Mai Tayil yake ce masa, har yaran da ba su taɓa ganinsa da cokalin gini a hannu ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gwiwoyinsa sun yi kanta, siminti kuma ya cinye zanen yatsunsa. Kullum akwai fensir mai faɗi irin na kafintoci a bayan kunnensa, ko wanka zai shiga sai Inna, matarsa, ta tuna masa ya cire. Abin alfaharinsa guda ne a duniya, kuma duk wanda ya zauna da shi na minti goma sai ya ji shi: ba a taɓa kiransa ya dawo ya ɓalle tayil ɗin da ya shimfiɗa ba.

Na sha ganin yadda yake aiki. Sai ya share ɗakin tas, ya ja igiya, ya tsaya yana kallon bango huɗun nan har mai gida ya fara tunanin ko ya manta abin da ya kawo shi. Daga nan ya durƙusa a bangon da ya fi nisa da ƙofa, ya riƙa shimfiɗawa yana ja da baya, layi bayan layi, har ya fito ta ƙofa da baya-baya. Ba ya taɓa taka abin da ya shimfiɗa. Siminti ɗanye ne, in ka taka sai tayil ya goce, don haka duk dubawar da zai yi, kafin ya ɗaga hannu yake yin ta. Ya ɗora, ya buga da gudumar roba, ya shafa da tafin hannu, ya wuce. Abin da ya wuce ya wuce ke nan a wurinsa.

A gidansu nake hutu tun ina 'yar mitsitsiya, kuma a tsakar gidan nan na fara sanin cewa lambobi suna da hali. Zai ɗebo ƙananan gutsattsarin tayil ya zube a gabana ya ce, "Ga goma sha biyu, kwantar mini da su ɗaki." Sai in jera uku sau huɗu, ko biyu sau shida. Ya ƙara ɗaya ya ce, "To, ga sha uku." In juya, in juya, kullum sai ɗaya ya yi saura, har in fara ƙunƙuni. Sai ya bushe da dariya ya ce, "Bar ta, 'yar nan. Wannan gagararriya ce. Ba ta kwanciya sai dai a layi ɗaya ƙwal, kamar masu jiran mota."

Haka ya karkasa lambobin duniya gida-gida. Akwai cika, akwai mara, wannan kowa ya sani. Akwai masu ladabi, irin su ɗari uku da sittin, wadda ko ta ina ka juya ta sai ta kwanta maka. Akwai 'yan ɗaki daidai, waɗanda faɗinsu da tsawonsu ɗaya ne, kamar ɗari da arba'in da huɗu. Akwai 'yan jibgi, masu hawa kamar yadda ake jibge bututu, huɗu a ƙasa, uku a kansu, biyu, sannan ɗaya a ƙoli. Ashirin da takwas kuwa mai wadatar zuci yake ce mata, saboda in ka tara duk lambobin da suke raba ta, ɗaya da biyu da huɗu da bakwai da sha huɗu, ita ɗin dai za ka samu, ba ƙari ba ragi. Sai kuma gagararru, waɗanda ba abin da yake raba su sai ɗaya da su kansu. Lokacin da na shiga jami'a na tarar duk waɗannan gidajen suna cikin littafi da manyan sunaye. Da na dawo na gaya masa, bai yi wani mamaki ba. Cewa ya yi, "Ashe su ma sun gano."

Gwiwa ce ta tashe shi daga aiki. Likita ya ce in ya ci gaba da durƙuso, nan gaba kaɗan sai an ɗauke shi. Wata uku ya yi a gida yana addabar Inna, yau ya ce tukunya ba ta zauna daidai a kan murhu ba, gobe ya ce labulen ƙofa ya karkace. Rannan ya fito da injinsa na yankan tayil yana goge masa tsatsa. Injin nan na hannu ne, tsoho tukuf, maigidansa ne ya ba shi ranar da ya sallame shi ya fara cin gashin kansa. A gindinsa akwai ɗan farantin tagulla da siminti ya toshe shekara da shekaru. Da ya kankare, sai ga lambar da kamfani ya buga: 51357079.

Ranar Asabar na je gaishe su, na tarar da shi ya rubuta ta da manyan baƙi a bayan wani fasasshen tayil.

"Malama, karanta mini wannan yadda ake karanta ta a makaranta," in ji shi. Malama yake ce mini in yana son ya zolaye ni.

Na ce, "Miliyan hamsin da ɗaya, da dubu ɗari uku da hamsin da bakwai, da saba'in da tara."

"Madalla. Shekara talatin da huɗu muna tare da ita ban ko gaishe ta ba. To, na fara bincikar asalinta. Mara ce, wannan a fili yake. Biyar ba ta raba ta. Na tara baƙaƙenta na sami talatin da bakwai, ke nan uku ma ba ta raba ta." Wannan dabarar ta tara baƙaƙe ita kaɗai ce ya yarda cewa a wurina ya koya, kuma ko ita sai da ya gwada ta sau hamsin kafin ya amince. "Ba 'yar jibgi ba ce, don ban taɓa ganin 'yar jibgin da ta ƙare da tara ba. Ba kuma 'yar ɗaki daidai ba ce. In kin shimfiɗa dubu bakwai da ɗari da sittin da shida kowane gefe, dubu biyar da ɗari biyar da ashirin da uku za su yi miki saura a hannu. Jikina yana ba ni gagararriya ce."

Na zaro wayata na ce, "Kawu, ai wannan aikin ƙiftawar ido ne."

Ban taɓa ganin ya yi zumbur irin na ranar nan ba, da ciwon gwiwar da komai. Ya dafe wayar da tafin hannunsa ya ce, "Kada ki kuskura. Ke 'yar nan, an cire ni daga makaranta ina tsakiyar koyon rabawa mai tsawo. Ina so in yi lissafi guda ɗaya babba da hannuna, daga bango har ƙofa, ba wanda ya riƙe mini igiya. Ki yi mini alkawari ba za ki saka ta a waya ko kwamfuta ba."

Na yi masa alkawari, Inna tana tsaye tana ji.

Yadda ya tsara aikin ya burge ni har yau. Ya ce ba sai ya gwada kowace lamba ba, gagararru kaɗai zai gwada, don duk lambar da shida ta raba, biyu da uku sun riga sun raba ta. Kuma ba zai wuce dubu bakwai da ɗari da sittin da shida ba. Na tambaye shi dalili, don in ji yadda zai faɗa. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan mahaifiyata, ya ce, "Kin taɓa ganin ɗakin da faɗinsa ya fi tsawonsa? In faɗi ya wuce nan, ai ya zama tsawo, kuma na riga na gwada shi ta ɗaya gefen." Ni kuwa darasi guda cur nake ɓatawa kafin ɗalibaina su gane wannan.

Wata shida ya kwashe yana tace gagararrun da kansa a littafi mai gida-gida, yana soke waɗanda ba su ba. Ya sami ɗari tara da goma sha shida, ta ƙarshe ita ce 7,159. Wannan jerin ya yarda na duba masa da littafin makaranta, kuma ban sami kuskure ko ɗaya ba.

Daga nan ya shiga rabawa. Kullum bayan la'asar zai fito da kujerarsa ƙarƙashin rumfar kwano, ya zaɓi gutsuren tayil daga tsibin da ya tara tsawon shekarun aikinsa, ya rubuta kwanan wata a sama, ya raba babbar lambar da gagararriya ɗaya. Ɗaya tak a rana, wata rana ma babu, in baƙi sun zo ko jiki ya ƙi. Ya ce takarda ta yara ce, ruwa ya taɓa ta shi ke nan, bayan tayil kuwa yana riƙe fensir. In ya gama ya ga akwai saura, sai ya zagaye sauran, ya saka tayil ɗin a kwali, hamsin-hamsin. Kuma kamar yadda yake yi a ɗakunan mutane, tayil ɗin da ya shiga kwali ba ya sake fitowa.

Inna ta yi mita har ta gaji. "Mazan mutane in sun bar aiki kiwon kaji suke yi, a ci ƙwai," in ji ta. "Nawa kuwa duwatsu yake tara mini a sito. Malam, in ka gano gagararriya ce, me za a ba ka?"

"Ba abin da za a ba ni, Uwargida."

"In kuma ba ita ba ce?"

"Nan ma haka."

"To, Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta ajiye masa shayinsa. Duk da mitar, ita ce take fere masa fensir, kuma ita ce take korar mai surutu in ya zauna aiki.

Ana cikin shekara ta huɗu idonsa ya fara ba shi matsala. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, magani zai rage masa gudu ne kawai. Gefe-gefen ganinsa ya fara rufewa. Baƙaƙensa suka ƙara girma, har sai ya nemi babban gutsure kafin rabawa ɗaya ta shiga. Bai taɓa yi mana ƙorafi ba, amma ya koma yin biyu a rana, kuma kowa a gidan ya san dalili.

A lokacin ne na yi katoɓarar farko. Don in faranta masa rai, na ce in ya gama zan kai shi ajina ya ba ɗalibaina labarin lambarsa. Na ɗauka zai ce a'a. Sai ga shi ya sa an wanke masa rigarsa mai kyau, yana gaya wa duk wanda ya leƙo gidan cewa zai je sakandare ya koyar. Shugaban makaranta ya sa rana. Kawu ya kai 6,997, saura goma sha shida ya gama.

Katoɓara ta biyu ta fi muni. Ina zaune a ɗakin malamai lokacin hutun tara, sai na tuna yaran ajina arba'in da biyu, da yadda ba abin da za ka rubuta a allo wani bai lallaɓa ya gwada shi a waya ba. Na ce wa kaina ai don kare mutuncinsa zan yi. Gaskiyar magana kuwa, shekara huɗu son sani yana cina. Na buga lambar a wayata. Kafin in ɗauke yatsana amsa ta fito: 1,871 sau 27,449.

Na ɗauki biro na ninka da hannuna, ko wayar ta yi ƙarya. Ba ta yi ba. Lambar ba gagararriya ba ce. Kawu ya wuce 1,871 kusan shekara uku da suka gabata, yana nufin akwai kuskure kwance a ɗaya daga cikin kwalayen farko, kuma duk tayil ɗari shida da 'yan kai da ya yi bayan nan, da sauran ganin da ya ƙarar a kansu, ba a bukace su ba.

Kusan mako guda na yi abin duniya ya ishe ni. In na yi shiru, zai tsaya gaban yara da rigarsa mai kyau ya ce gagararriya ce, wani mai rawar kai ya ɗaga hannu. In na soke zuwan, zai mutu yana riƙe da amsar da ba ita ba ce, ni kuma na sani. In na faɗa, na karya alkawari, na kuma karya masa abu ɗayan da yake tinƙaho da shi. Maigidana ya ce in ƙyale tsoho da farin cikinsa, wa zai cutu? Na hau shi da faɗa kamar shi ya buga lambar, alhali ni kaina abin da nake so in yi ke nan.

Da Asabar ta zagayo na je. Na tarar saura huɗu. Yana zaune ya kusa manna fuskarsa da tayil, Inna tana tsintar shinkafa a gefe. Na gaishe su na zauna, na rasa ta inda zan fara.

"Malama, yau bakinki a ɗinke," ya ce, bai ɗago ba. "Ko yaran ne suka ce ba sa son tsoho?"

"Kawu, na yi maka laifi. Na saka lambar a waya."

Fensirin ya tsaya. Inna ta ajiye faranti ta ce, "Ke kuwa me ya kai ki?" Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, ita da ta shekara huɗu tana kiran aikin tara duwatsu. Kawu ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

"In da gagararriya ce, da ba ki zo da wannan fuskar ba," in ji shi. "Akwai wadda ta raba ta ke nan."

"Akwai."

"A cikin huɗun da suka rage?"

"A'a, Kawu. A baya take."

Ya mayar da fensirin bayan kunne, ya cire, ya sake mayarwa. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi. Da na buɗe baki zan faɗi lambar, sai ya ce, "Kul. Kin gaya mini akwai rami a ɗakin, ya isa. Ba ke za ki nuna mini inda yake ba." Ya dafa bango ya miƙe, ya shige ɗaki, ya bar shayinsa.

Kwana uku bai fito rumfa ba. Inna ta kira ni a waya ta ce ko abincin kirki ba ya ci, in ta yi magana sai ya ce shi da ya yi ta cika baki a unguwa. Na yi kuka, na kuma yi nadamar faɗar, ba zan ɓoye ba. A rana ta huɗu ta sake kira, muryarta ta canja. "Zo ki ga ikon Allah," in ji ta. "Kawunki ya mayar da ni 'yar makaranta."

Na tarar an fito da kwalaye goma sha tara an jera a tsakar gida. Kawu yana zaune idonsa a rufe, Inna da tabaranta a kan hanci tana karanto masa baƙaƙen da ke kan tayil, layi-layi, shi kuma yana ninkawa yana ɗebewa da ka. In ya ce "daidai," ta ajiye a gefe ta ɗauko wani. Mutumin da bai taɓa taka aikinsa ba ya shiga ɗakin da kansa yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Ya aika wa shugaban makaranta cewa a ɗaga ranar, aiki bai kammala ba.

Sai dai daga ƙofa ya fara, wato daga kwalin ƙarshe, yana komawa baya. Hujjarsa ita ce kuskuren ba zai wuce lokacin da idonsa ya lalace ba. Ni na san ba can yake ba, na san akwai tayil sama da ɗari shida tsakaninsa da wurin, kuma an ɗaure mini baki. Sau ɗaya na gwada cewa, "Kawu, da an fara ta ɗaya gefen…" Ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Malama, kin taɓa shiga ɗaki ta bango?" Ban ƙara ba.

Goma suke yi a rana, biyar da hantsi, biyar bayan la'asar. Suna yi suna faɗa. Ita ta ce bakwai ɗinsa kamar ƙugiya, shi ya ce ita ce take haɗiye sifiri. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk tayil ɗin da ya yi da ido rabi, ba a sami kuskure a ko ɗaya ba. Kwali bayan kwali sai "daidai, daidai." Maƙwabta suka saba da jin muryar Inna tana jero lambobi ta kan katanga, har mai shagon bakin layi yakan tambaye ni, "Yau Mai Tayil ya kai kwali na nawa?"

Wata biyu da 'yan kwanaki suka ɗauka. Ranar wata Laraba, ina fitowa daga aji da azahar, Inna ta kira ta ce Kawu ya ce in zo yanzu. Na biya na ɗauko 'yata daga makarantar renonsu, muka wuce tare.

Yana zaune a rumfa da tayil biyu a cinyarsa, ya sa rigar nan mai kyau. Tun daga ƙofa na ji muryarsa. "Dubu da ɗari takwas da saba'in da ɗaya! Ita ce ko ba ita ba ce?"

"Ita ce, Kawu."

"Zauna ki ji sakarcin kawunki." Ya ɗaga tsohon tayil ɗin, wani gutsure mai ruwan ƙasa da bai kai tafin hannu biyu ba. "A layi na uku, in cire 7,484 daga 8,400. Ɗari tara da sha shida ne, ko ɗan aji uku ya sani. Ni kuma na rubuta ɗari tara da ashirin da shida. Goman nan ta bi ni har ƙasa, sai na sami saura dubu ɗaya cif. Dubu cif, 'yar nan! Ko wannan kaɗai ai ya isa ya sa in tsargu. Amma na zagaye ta na jefa a kwali."

Ya ɗaga sabon, wanda Inna ta rubuta da hannunta yana faɗa mata. A ƙasansa an zagaye sifiri.

"Kin san me na gano? Ba gagararriya ba ce, amma 'yar gagararru biyu ce, uwa da uba. Na gwada 27,449 ma da ka, ba abin da yake raba ta. Ke nan duk duniya ɗaki ɗaya tak ne lambar nan take yarda ta kwanta a ciki. In tayil mai santimita talatin ne, faɗin ya ɗara rabin kilomita, tsawon ya wuce kilomita takwas. Ɗaki ɗaya! Ni a wurina wannan ta fi gagararriya daɗin labari. Ki gaya wa shugabanku Litinin ina nan tafe, kuma da duka biyun zan zo. Yaran su ga mai kyau, su ga kuma wanda aka kira ni na dawo na ɓalle."

Na ce, "Kawu, ka yafe mini alkawarin."

"Na yafe rabi," in ji shi. "Sauran rabin sai na ga yadda yaranki suke rabawa."

Ya miƙo mini tsohon tayil ɗin ya ce in duba da idona, tunda ni ce mai takarda. Na karɓa. Rubutun bai yi kama da nasa ba, layukan sun karkace, wasu baƙaƙen an bi su sau biyu. Sai idona ya kai kan kwanan watan da ke sama. Na san ranar nan fiye da kowace rana a rayuwata. Ranar da na haifi yarinyar da take tsaye tana wasa da madaurin jakata ce, bayan kwana biyu ina naƙuda, har aka shiga da ni ɗakin tiyata ban san inda kaina yake ba.

Na dubi Inna. Ta cire tabaranta tana gogewa da bakin mayafi.

"Tun safe yana barandar asibitin," ta ce. "An ce maza su koma gida, ya ƙi. Da aka shiga da ke, sai na ga ya zaro wannan daga aljihu ya ɗora a gwiwa. Na ce Malam, a nan ma? Ya ce in bai ba hannunsa aiki ba zai faɗi. Yana rubutu fensirin yana karkarwa. Da nas ta fito ta ce ku biyun kuna lafiya, bai jira komai ba, ya ce kada a gaya miki ya zo, wai kada ki ce ya wahalar da gwiwarsa."

"Uwargida, ba wannan na kira ta ta ji ba," in ji Kawu, yana laluben kan yarinyar da hannunsa har ya same shi. "Malama, duba lissafin. Layi na uku."

Na sunkuya a kan tayil ɗin, na nemi layi na uku, amma baƙaƙen sai rawa suke yi a idona, na kasa raba tara da shida. Na miƙa wa Inna na ce ta karanto mini.